Katangar da ke tsakiyar zuciya

Duk mahaucin da ke fiɗar raƙumi ko rago a kasuwar Tanut ya san zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu sama biyu ƙasa, da katangar tsoka mai kauri tsakanin dama da hagu. Katangar ba ta da ƙofa. Amma malaman ɗibbu sun shafe fiye da shekara dubu suna karantar da akasin haka.

Tushen maganar Jalinusu ne, likitan Girka na ƙarni na 2. Shi ya ce hanta ke ƙera jini daga abinci, gaɓoɓi su shanye shi, wani kuma ya ratsa katangar ta wasu ƴan ramuka da ido ba ya gani. An juya littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, Ibn Sina ya ɗora a kansu. Ɗibbun Larabci kuwa ya iso ƙasar Hausa cikin kayan malamai da fatake, ta hanyoyin ayari irin wadda ta ratsa Damargu tsakanin Agadas da Kano.

Wanda ya fara cewa a'a shi ne Ibn Nafis, ɗan Sham mazaunin Alƙahira. A 1242, cikin sharhinsa na littafin Ibn Sina, ya musanta ramukan ƙiri-ƙiri: jini daga ɗakin dama huhu yake zuwa, ya gauraya da iska, sannan ya komo hagu. A zamanin da ja da magabata ke da tsada, wannan ba ƙaramar jarunta ba ce. Duk da haka maganar ta kwanta, sai a 1924 wani likitan Masar, Muhyiddin Tatawi, ya tono rubutun a Balin.

Wiliyam Habi na Ingila ya bayyana zagayen jini a jiki a 1628, da lissafi. Ya ga jinin da zuciya ke turawa cikin rabin sa'a ya fi duk wanda ke jikin mutum, to ina hanta za ta iya ƙera wannan? Ashe jini ɗaya ne ke kewayawa. Ya rasu a 1657 bai ga siraran jijiyoyin da ke haɗa masu fita daga zuciya da masu dawowa ba. Wani masani, Malpigi, ya gano su a huhun kwaɗo a 1661.

Daga nan aka kai ga awon ƙarfin jini. Riba-Roci na Italiya ya fito da robar da ake ɗaurawa a damtse a 1896, Korotkof na Rasha ya ƙara sauraren bugun jijiya a 1905. Shi ya sa idan ma'aikacin lafiya a Belbeji ya ce tansiyonka 12 da 8, lamba ta farko ƙarfin jini ce sa'ad da ɗakin hagu na ƙasa ya matse, ta biyu kuma sa'ad da ya saki.