Noti Ɗaya Mai Kunnuwa Biyu: Yadda Faransa Ta Hana Wilinsa Shiga Tsere

Wani mai faci daga Dambatta ya aiko da tambaya. Ya ga hoton tsohuwar Jaguar E-Type ta 1961, tayarta ba notuna huɗu irin na Peugeot 504, sai wani ƙarfe mai kunnuwa biyu a tsakiya. Ado ne ko aiki?

Aiki ne, kuma asalinsa gidan keke ne. Dattawan Bichi da Makoɗa sun san keken Rudge, wanda Raleigh ta saye a 1943. Kamfanin nan, Rudge-Whitworth na Coventry a Ingila, shi ya fito da wili mai wayoyin ƙarfe da noti ɗaya ke riƙewa. Daga baya aka yi wa notin kunnuwa, ana bugunsa da gudumar dalma ko tagulla, ba ruwanka da wilsifana. Na gefen dama ta hagu ake ɗaure shi, don tafiyar mota ta riƙa ƙara masa ƙarfi.

Rigimar ta tashi ne a 1908. S. F. Edge, jagoran motocin Napier, ya so shiga babban tseren Faransa a Dieppe da wannan wili, masu shirya gasar suka ce atafau, wai yana da haɗari. Napier ta janye. Mutanen Ingila kuwa suka ce kishi ne, domin a 1906 Ferenc Szisz ya ci tseren da Renault saboda dabarar Michelin, inda ake cire zoben da ke riƙe da taya kaɗai, a bar wilin. Ni dai na fi gamsuwa da zancen Ingila. A tseren 1908 ɗin nan da aka ce ana kare rayuka, Henri Cissac da makanikinsa sun rasu sanadin matsalar taya. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Peugeot ta Faransa da kanta da wilin Rudge take tsere.

A 1922 aka fara ƙera wilin Rudge a Milan, a kamfanin da ya zama Borrani, mai yi wa Ferrari wili. Dokar Amurka ta 1968 ta sa aka yanke kunnuwan saboda masu tafiya a ƙasa.

Wanda kake gani yau liƙe a murfin wili, malam mai faci, kwalliya ce kawai. Notunan da ke riƙe da tayar suna ƙarƙashinsa, su za ka duba.