Siririyar Tayar Gaba: Ina Ta Samo Asali?

Yau a kan siraran tayoyin gaba na motocin tsere zan yi magana. A 1950 aka fara tseren miƙaƙƙen layi a filin jirgin Santa Ana a Amurka, a 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA. Mita 402 ne kacal, babu kwana ko ɗaya. Shi ya sa makanikai suka riƙa ɗaura ƙafar babur a gaba don rage nauyi, tunda tayoyin baya ne ke tura motar. To amma fa a titi, gaba ke ɗaukar yawancin birki. Ni dai ba zan bi hanyar Rijau da damina da irin wannan taya ba, rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa rim.