Rikicin Kaduna na 2000: Abin da Ya Koya Mana

'Yan uwa mazauna birane, masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Ranar Litinin 21 ga Fabrairu, 2000, zanga-zanga a kan batun shari'a ta rikiɗe ta zama faɗa tsakanin Musulmi da Kirista a Kaduna. Aka yi asarar rayuka masu yawa, aka ƙone gidaje da wuraren ibada. Dubban mutane, har da 'ya'yan garinmu, suka fake a barikokin soja da na 'yan sanda.

Mu da ke gida muka tara hatsi da tufafi, amma kai su ya gagara sai da gwamnatin Ahmed Makarfi ta sa dokar hana fita, sojoji suka tsare hanyoyi. A nan muka gane cewa agaji ba ya isa inda babu tsaro. Ko da hanya ta buɗe, neman mutanenmu ya ba mu wuya, domin ba mu da rajistar unguwanninsu. Wasunsu ma maƙwabta waɗanda ba addininsu ɗaya ba ne suka ɓoye su.

A watan Agustan 2002 shugabannin addinai 22 suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya, amma a Nuwamba wutar ta sake tashi. Takarda kaɗai ba ta kashe gaba.

Don haka muna roƙon kowane reshe ya rubuta sunayen mutanensa, ya buɗe asusun ko-ta-kwana, kuma kowa ya kyautata wa maƙwabcinsa. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.