Molo da banjo: alaƙar tsoffin waƙoƙin Amurka da kiɗan zangon Kumasi

Tsoffin waƙoƙin gargajiya da na ibada na ƙasar Amurka sun taso ne daga tushe biyu. Na farko shi ne waƙoƙin coci da na karkara da Turawan Ingila, Sikotilan da Ailan suka tafi da su. Littafin farko ma da aka buga a yankunan da Ingila ta mallaka a can, a shekarar 1640, littafin rera Zabura ne. Na biyu shi ne kiɗan bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma. Wannan tushe na biyu ya shafi Hausawan zango kai tsaye, domin dangin kayan kiɗan da ake ji a bukukuwan Buokrom, Aboabo da Asawase a Kumasi suna cikin abin da ya tsallaka teku.

Hanyar goro

Kiɗan Hausa ya iso ƙasar Asante ne tare da fatake. Ayarin goro kan taso daga Kano ko Katsina, ya bi ta Zugu, wato Djougou ta Jamhuriyar Benin a yau, ya sauka a kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja. Baturen Ingila Thomas Bowdich ya tarar da Musulmi a Kumasi tun 1817. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da kuma kama Kumasi da Turawa suka yi a 1896, 'yan kasuwa da malamai suka yi ta gangarowa kudu, zango ya bunƙasa. Da su aka zo da kalangu, goge, molo da garaya, da kuma begen Annabi da ake rerawa lokacin Maulidi. Su kansu Asantawa suna da ganga mai siffar kalangu da suke kira donno, wadda ta zo musu daga arewa.

Wannan hanya ba goro kaɗai ta ɗauka ba, har da bayi. Mahommah Baquaqua, haifaffen Zugu wanda mahaifiyarsa 'yar Katsina ce, an sayar da shi zuwa Barazil, ya kuɓuta a New York a 1847, aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit a 1854.

Abin da ya tsallaka teku

Kimanin 'yan Afirka 388,000 ne aka sauke kai tsaye a Amurka ta Arewa. Ɗaya daga cikin tsoffin shaidun kiɗansu ita ce wata ganga irin ta Akan, wadda aka sassaƙa da icen Afirka ta Yamma, aka same ta a Virginia wajen 1730. Tana ajiye a gidan tarihi na British Museum da ke Landan.

Sai banjo, abin kiɗan da a yau ake ɗauka na Turawan karkarar Amurka ne. Asalinsa ƙwarya ce da aka rufe da fata, aka soka mata sanda, aka ɗaura tsirkiya, kamar dai yadda ake haɗa gurmi. Hans Sloane ya ga irinsa a hannun bayi a Jamaika a ƙarshen shekarun 1680, kuma Thomas Jefferson ya rubuta a 1781 cewa daga Afirka suka zo da shi. Masana sun fi kusanta shi da akontin na Jolawan Senegal da Gambiya, amma molo, gurmi da garaya duk dangi ɗaya ne da shi.

Bayan an hana ganga

A 1739 bayi suka yi bore a Stono, cikin Carolina ta Kudu. Dokar da ta biyo baya a 1740 ta hana su ganga da ƙaho, saboda tsoron kada su yi kiran juna da su. Hakan ya sa kayan tsirkiya da murya suka samu fili. Wanda ya iya goge a gida bai sha wuya da gogen Turawa ba, har bayi da dama suka yi suna da shi a wuraren rawa.

Masanin kiɗa Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999, ya danganta salon blues da yankin Sahel, inda mawaƙi ɗaya ke jan murya yana karya ta a kan abin kiɗa ɗaya. Cikin misalansa har da wani Bahaushe mai goge da ya ɗauka a faifai a Kamaru a 1964. Ita kuma Sylviane Diouf ta kwatanta kirarin ma'aikatan gona na Mississippi da yadda ladan ke jan kiran salla. Waɗannan fahimta ce ta masana, ana kuma muhawara a kansu. Abin da ya tabbata shi ne akwai Musulmi masu ilimi cikin bayin, kamar Bilali Muhammad na tsibirin Sapelo da Umar ibn Sa'id, waɗanda duk suka bar rubutu da Larabci.

Waƙoƙin ibada

Da bayi suka karɓi Kiristanci, sai suka zuba waƙoƙin coci cikin tsarin jagora da 'yan amshi, ana tafi ana zagaye. An tattara 136 daga cikinsu a littafi a 1867, shekara biyu bayan soke bauta. A 1871 mawaƙan Jami'ar Fisk ta Nashville suka fara yawo da su, har suka kai Turai.

Abin da ya rage ga zango

Waƙoƙin Amurka sun tsira ne domin an rubuta su, sannan daga 1933 John Lomax da ɗansa Alan suka bi gonaki da gidajen yari suna ɗaukar muryoyi. A Ghana, Farfesa Kwabena Nketia ya yi irin wannan aiki tun shekarun 1950, kuma taskar da ke ɗauke da sunansa tana Jami'ar Ghana a Legon. Amma yawancin waƙoƙin zango, na aure, na suna da na fatauci, suna nan ne a bakin tsofaffi, yayin da lasifika ke maye gurbin makaɗa a bukukuwa. Duk mai wayar hannu a Buokrom, Lome ko Yawunde zai iya ɗaukar muryar kakarsa, ya rubuta sunanta, garin da iyayenta suka fito da wanda ya koya mata waƙar.