Fijo 504: Yadda Motar Ma'aikata Ta Zama Kayan Tarihi

A ƙasar Hausa, mai sha'awar tsofaffin motoci bai cika neman motocin tsere na Italiya ko Ingila ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne Peugeot 504, wadda bakin Bahaushe ya mayar "Fijo". Dalilin wannan ƙauna yana cikin tarihinta.

An fara ƙera 504 a Faransa a shekarar 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. Ta yi suna a fagen tsere ma, domin ita ta lashe gasar Safari ta ƙasar Kenya a 1975, samfurinta mai ƙofa biyu kuma ya sake lashewa a 1978. Wannan gasa ta kwararo da taɓo ce, saboda haka nasarar ta nuna motar za ta jure hanyoyinmu.

A 1975 ɗin ne masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci, a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. Da cunkoso ya toshe tashar jiragen ruwa ta Legas, sai aka riƙa ɗauko sassan motar ta jirgin sama daga birnin Liyon zuwa Kano, sannan a kai su Kaduna.

Abubuwa uku suka sa ma'aikaci ya iya mallakar ta. Na farko, kuɗin man fetur da suka malalo bayan 1973. Na biyu, ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya har da ariyas. Na uku, rancen mota da gwamnati ke bai wa manyan ma'aikatanta, ana cirewa daga albashi sannu a hankali. Ta haka malamin makaranta da akawu suka sayi motarsu ta farko, sabuwa fil. Gwamnatin Janar Obasanjo kuwa ta mai da Fijo motar jami'anta, abin da ya ƙara mata martaba.

Al'amura sun juya daga 1986, lokacin da shirin gyaran tattalin arziki na Janar Babangida ya karya darajar naira. Sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, jama'a suka koma ga na hannu da ake shigowa da su ta Kwatano. Fijo ta gangara tasha, tana jigilar fasinja tsakanin Kano, Katsina da Maraɗi, har aka daina haɗa ta a Kaduna.

Masu adana ta a yau ta hanyoyi uku suke samun ta: gado daga mahaifi, gwanjon motocin gwamnati, ko saye daga direban da ya gaji da ita. Daga nan sai zarya tsakanin bakanike da mai gyaran jiki da mai fenti, da neman kayan gyara a Ƙofar Ruwa ta Kano.

Sai dai 'yan gwangwan sun fi masu adanawa sauri. Kowace Fijo da aka sassare aka auna a kilo, an rasa shaida ɗaya ta lokacin da Arewa ke haɗa motar da take hawa. Ɗalibin Hausa ma yana da asara a nan, domin kalmomi irin su kafireto da kwantak sun fara ɓacewa daga bakin matasan kanikawa tare da injinan da suka zo da su. Wanda ke da tsohon direba a unguwarsu ya je ya rubuta kalmominsa tun yana raye.