Yadda 'yan kallo ke kare kansu daga tsananin sanyi a wasannin ƙwallon jami'o'in Amurka

A ƙarshen watan Agusta ake buɗe kakar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka tsakanin jami'o'in ƙasar, a lokacin da jama'a ke neman inuwa saboda zafi. Amma manyan wasannin da ke raba gardama sai a ƙarshen Nuwamba da cikin Disamba ake buga su, sa'ad da hunturu ya kankama a jihohin arewa irin su Michigan, Ohio, Wisconsin, Minnesota da Pennsylvania. Akasarin filayen jami'o'in nan ba su da rufi. Filin Jami'ar Michigan da ke Ann Arbor, wanda ya fi kowane filin wasa girma a Amurka, yana ɗaukar mutum sama da dubu 107, kuma kusan dukkansu a sarari suke zama. A ƙa'ida wasan na minti 60 ne, an raba shi kashi huɗu, sai dai yawan tsayar da agogo da hutun rabin lokaci na minti 20 kan sa ya haura sa'o'i uku.

Batun ya shafi 'yan Najeriya ta wata fuska. A zangon karatu na 2023 zuwa 2024 ɗaliban Najeriya da ke karatu a Amurka sun haura dubu 20, kuma da yawa daga cikinsu suna jami'o'in da zuwa kallon wasa ranar Asabar ya zama tamkar wani sashe na zaman makaranta. Wanda iyakar saninsa da sanyi shi ne muku-mukun Jos ko jaurar Kano, inda ma'auni kan sauka ƙasa da digiri 10 da asuba, zai tarar da abin da bai saba da shi ba. Ko hasashen yanayi ma na iya yaudararsa, domin Amurkawa da ma'aunin Farenhait suke amfani, ba Salshiyos ba. Idan aka ce gobe za a yi digiri 30, ba zafi ake nufi ba, ana nufin ruwa zai daskare, tunda digiri 32 a Farenhait shi ne sifiri a Salshiyos.

Da wuya a soke wasa saboda sanyi

Walƙiya tana sa a dakatar da wasa a fitar da 'yan kallo, amma da wuya sanyi shi kaɗai ya hana a buga. Misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne wasan ranar 25 ga Nuwamba, 1950, tsakanin Ohio State da Michigan a birnin Columbus, wanda Amurkawa ke kira Snow Bowl. An buga shi cikin guguwar dusar ƙanƙara, ma'auni na wajen digiri 12 ƙasa da sifiri, layukan fili sun ɓace. Ƙungiyoyin biyu sun gwammace su riƙa buga ƙwallon da ƙafa suna mayar wa juna maimakon riƙe ta, har sau 45. Michigan ta yi nasara da maki 9 da 3 ba tare da ko jifa ɗaya da ta yi ta isa hannun ɗan wasanta ba. Duk da haka dubun-dubatar mutane sun zauna sun kalla.

Wasu jami'o'in ma da gangan suka zaɓi sarari. Jami'ar Minnesota ta shafe shekarun 1982 zuwa 2008 tana wasa a rufaffen fili, sannan a 2009 ta koma sabon fili marar rufi a harabarta. A shekarar 2024 kuma aka faɗaɗa gasar fitar da zakaran ƙasa zuwa ƙungiyoyi 12, aka amince a buga zagayen farko a filayen jami'o'in da kansu, maimakon jihohin kudu masu ɗumi inda galibi ake kai wasannin ƙarshen kaka. Hakan ya sa a ranakun 20 da 21 ga Disamba aka yi wasanni a Notre Dame, Penn State da Ohio State cikin sanyin da ya sauka ƙasa da sifiri. 'Yan wasan Tennessee, waɗanda suka fito daga kudu, sun shiga filin Columbus motsa jiki ba riga don nuna ba su damu ba. An doke su da maki 42 da 17.

Ɗan kallo ya fi ɗan wasa shiga haɗari

Ɗan wasa yana gudu, tsokokinsa na samar da zafi. Idan ya fito gefen fili akwai benci mai ɗumama jiki, da injunan hura iska mai zafi, da manyan riguna da ake lulluɓa masa, da likitoci a kusa. Ɗan kallo kuwa zaune yake wuri guda, sau da yawa a kan dogon bencin alminiyom, ƙafafunsa a kan kankare.

Zafin cikin jikin mutum yana wajen digiri 37. Da zarar jiki ya ji sanyi sai ya tsuke jijiyoyin jinin da ke kusa da fata domin ya tattara ɗumi a ƙirji da ciki da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa yatsu, kunnuwa, hanci da kumatu ke fara sandarewa. A filin wasa hanyoyi uku ne suka fi kwashe wa mutum zafi. Ta farko ita ce taɓa abu mai sanyi: ƙarfe da kankare suna tsotse ɗumi da sauri fiye da iska, don haka mazaunai da tafin ƙafa ne ƙofar da sanyi ke fara shiga. Ta biyu ita ce iska, wadda ke share ɗan siririn ɗumin da ke kewaye da fata. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana da jadawalin da take auna wannan, wanda aka sabunta a 2001 tare da takwararta ta Kanada. A lissafinsa, idan ma'auni ya nuna digiri 18 ƙasa da sifiri kuma iska na gudun kilomita 24 a sa'a, fata za ta ji kamar digiri 28 ƙasa da sifiri, kuma inda ba a rufe ba zai iya daskarewa cikin minti 30. Kujerun can sama, waɗanda tikitinsu ya fi araha, su iska ta fi kaɗawa.

Hanya ta uku ita ce jiƙa, kuma ita aka fi rainawa. Ruwa yana ɗauke zafi daga jiki ninki kusan 25 fiye da busasshiyar iska. Ruwan sama a digiri 3 ko 4 sama da sifiri na iya cutar da mutum fiye da busasshiyar dusar ƙanƙara a digiri 5 ƙasa da shi. Gumi ma jiƙa ne. Wanda ya yi doguwar tafiya daga wurin ajiye mota, ya hau matakala cikin kaya masu nauyi har ya yi gumi, sannan ya zauna, ya riga ya jiƙa kansa daga ciki.

Sutura

Waɗanda suka daɗe suna zuwa irin waɗannan filaye ba babbar riga guda suke dogaro da ita ba, kaya suke jerawa hawa-hawa, domin iskar da ke maƙalewa tsakanin tufafi ita ce ke riƙe ɗumi. Wanda ke manne da fata ya zama na ulu ko na zaren roba mai janye gumi. A nan ne auduga, wadda ta fi komai daɗin sawa a ƙasashen zafi, take zama matsala: tana shan ruwa ta riƙe shi, ta manne a jiki tana sanyaya shi. Wandon jins ma auduga ne. A kan na ciki sai suwaita ko rigar da aka cusa wa gashin tsuntsu, sannan ta waje wadda iska da ruwa ba sa ratsawa. Amfanin wannan tsari shi ne a iya buɗe wani abu yayin tafiya, a rufe idan an zauna.

Ƙafa ce ta fi ba mutane wahala. Kuskuren da aka saba yi shi ne cusa safa uku cikin takalmin da bai da wuri. Takalmi ya matse, jini ya rage gudu, ƙafar ta fi yin sanyi fiye da da safa ɗaya. Abin da ya fi shi ne safar ulu mai kauri cikin takalmi mai faɗi da kaurin tafi, inda yatsu za su iya motsi. Wata tsohuwar dabara da ba ta cin ko sisi ita ce shimfiɗa kwali ko tarin jarida a ƙarƙashin ƙafa, a raba tafin takalmi da kankare. Haka nan matashin soso a kan benci. Bargo ya fi amfani idan an zauna a kan rabinsa an lulluɓa sauran, ba a ɗora shi a cinya kawai ba.

Safar hannu mai kama da jaka, wadda ke haɗa yatsu huɗu wuri guda, ta fi mai raba yatsu ɗumi. Maganar da ake yi cewa rabin zafin jiki ta kai yake fita ba ta da tushe, abin da ke fita ta nan bai wuce kimanin kashi 10 cikin ɗari ba. Duk da haka hular da ke rufe kunne da mayafin da ke rufe wuya da hanci wajibi ne, saboda waɗannan wurare su ne kan gaba wajen daskarewa.

Ana kuma sayar da wasu 'yan ƙunshi da ake sawa a aljihu ko cikin takalmi. Garin ƙarfe ne a ciki da gishiri da gawayi da ɗan ruwa. Idan aka yage ledar iska ta shiga, sai ƙarfen ya fara tsatsa da sauri, tsatsar ce ke fitar da zafi na tsawon sa'o'i. Ba a manna su kai tsaye a fata domin suna iya ƙonawa. Wayar salula ma tana buƙatar ɗumi, domin sanyi na kashe batiri, ga shi yanzu tikiti a cikin waya yake. Aljihun ciki ne wurinta. Kafin a fita kuma ya kamata a duba dokar filin, saboda filaye da yawa jakar roba mai nuna abin da ke ciki kaɗai suke bari a shiga da ita, filin Michigan kuwa ba ya barin jaka sam.

Ci da sha da motsi

Jiki da abinci yake hura wutarsa, ko rawar ɗari ma ƙarfi take ci, don haka zuwa fili da yunwa kuskure ne. Sanyi yana rage jin ƙishirwa alhali ruwa na fita ta numfashi, shi ya sa shayi ko romo mai zafi ke da amfani biyu. Barasa, wadda ta yawaita a shagulgulan kafin wasa, yaudara ce tsagwaronta. Tana buɗe jijiyoyin fata, mutum ya ji ɗumi a fuska, alhali zafin cikinsa ne ke tsiyayewa, sannan ta dusashe hankalin da zai gane cewa yana cikin haɗari.

Shagulgulan nan a wuraren ajiye motoci ake yin su tun da safe, ana gasa nama ana kafa rumfuna. Kunna gawayi ko murhun gas cikin rufaffen tanti ko mota yana tara iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. Haɗarin ɗaya ne da na kwana da kaskon wuta ko janareta a rufaffen ɗaki, wanda ke cin rayuka a Najeriya lokacin hunturu.

Motsi kuwa kyauta ne. A filaye da dama ɗalibai a tsaye suke kallon wasa daga farko har ƙarshe. A Jami'ar Wisconsin, tun daga 1998, idan an gama kashi na uku sai a saki waƙar Jump Around, fili gaba ɗaya ya kama tsalle. Don nishaɗi aka fara abin, amma a Nuwamban birnin Madison yana da wani amfani na daban.

Alamomin da ba a wasa da su

Daskarewar fata tana farawa da zafi-zafi kamar tsirar allura, sai wurin ya mutu ya daina jin komai, ya yi tauri. Daina jin zafin ba sauƙi ba ne, alama ce ta abin ya ci gaba. A fata mai duhu ba lalle a ga jan da littattafan likitanci ke kwatantawa ba, wurin kan yi toka-toka ne ko ya koɗe, don haka mutuwar jiki da tauri su ne abin lura. Binciken da aka yi a rundunonin sojin Amurka da na Birtaniya ya nuna cewa sojoji baƙar fata sun fi samun irin wannan rauni fiye da takwarorinsu. Masu cutar sikila sun fi kowa buƙatar taka-tsantsan, domin sanyi na daga cikin sanannun abubuwan da ke tayar da ciwon. Haka ma masu ciwon sukari, da masu asma, da tsofaffi, da ƙananan yara, waɗanda ba sa iya faɗin abin da suke ji.

Idan wuri ya daskare ba a murza shi, ba a goga masa dusar ƙanƙara, ba a kara shi a wuta, domin fatar da ba ta ji za ta ƙone mai ita bai sani ba. Ana tsoma shi ne a ruwa mai ɗumi, wajen digiri 37 zuwa 39, kuma sai an tabbata ba zai sake daskarewa ba. Faɗuwar zafin jiki gaba ɗaya, wato ya sauka ƙasa da digiri 35, ta fi wannan muni. Mutum kan fara da rawar ɗari mai ƙarfi, sai harshe ya yi nauyi, hannu ya kasa riƙe abu, tunani ya rikice, barci ya riƙa fizgarsa. Idan rawar ɗarin ta tsaya alhali yana cikin sanyin, lamarin ya kai matakin gaggawa. Mai wannan hali yawanci ba ya gane kansa, na kusa da shi ne zai lura. A kai shi wuri mai ɗumi, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a fara ɗumama ƙirji da wuya, a kira ma'aikatan agaji da ke cikin filin ko lambar 911.

Ranar 13 ga Janairu, 2024, an buga wasan ƙwararru tsakanin Kansas City Chiefs da Miami Dolphins a buɗaɗɗen fili, ma'auni na digiri 20 ƙasa da sifiri. An kwashi mutum 15 daga filin zuwa asibiti. Bayan kusan wata biyu wani asibiti a birnin ya bayyana cewa ya yanke wa mutum 12 gaɓoɓi, galibi yatsun hannu da na ƙafa, sakamakon sanyin da aka yi a wancan lokaci, kuma wasu daga cikinsu 'yan kallon wasan ne.