Farashin Zurfi: Masuntan Hausawa a Shuɗin Nilu da Cinikin Kifin Ado na Teku

Gabatarwa

Hausawa na cewa kifin fadama ba ya gasa da na gulbi. Wannan karin magana na nuna cewa tun fil azal Bahaushe ya san darajar kifi tana tafiya ne da irin ruwan da aka ciro shi. A shekarar 1992 wasu masanan kifi biyu, Richard Pyle da John Randall, suka gabatar wa duniyar ilimi wani ɗan kifi mai ratsin ja da fari, wanda tsawonsa bai wuce na yatsa ba, da aka kamo a zurfin teku kusa da tsibirin Rarotonga na Tekun Fasifik. Suka raɗa masa suna Centropyge boylei, don karrama Charles Boyle, mai nutson da ya gano shi. Kifi ne na ado wanda ake ajiyewa a akwatin gilashi don kallo, kuma an sha ambata cewa kuɗin ƙwaya ɗaya ya kai dala 30,000. Shi kuwa masuncin Sinnar a Sudan yakan kwana bisa ruwa ya cika kwalekwale da karfasa, abin da zai samu da ƙyar ya wuce na cefane da gyaran taru.

Wannan maƙala ta bi tarihin masuntan Hausawa na Jazira da Shuɗin Nilu, sannan ta kwatanta sana'arsu da ta masu kamun kifin ado a teku, domin a ga inda kuɗin kifi yake taruwa da kuma hannun da yake faɗawa.

Daga Burmi Zuwa Mai Wurno

Zuwan Hausawa Sudan ya samo asali ne daga hanyar aikin hajji. Ƙarni da yawa kafin jirgin sama, alhazai sukan bi ta Borno da Wadai da Darfur da Kordofan, su ƙetare Nilu, su nufi Sawakin a gaɓar Bahar Maliya, daga nan su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru, domin matafiyi yakan yada zango ya yi noma ko wata sana'a har ya tara guzurin gaba. Da yawa zangon ya zame musu gida.

Babban ƙaura ya biyo bayan faɗuwar Sakkwato a hannun Turawan Ingila a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira zuwa gabas, jama'a mai yawa ta bi shi, aka kashe shi a yaƙin Burmi a watan Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har suka isa bakin Shuɗin Nilu, wanda mutanen ƙasar ke kira Bahar Azrak, wajajen 1906. Garin da ya kafa kudu da Sinnar shi ake kira Mai Wurno har yau. Fulani ne suka fi yawa a cikinsa, tare da Hausawa da wasu al'ummu, kuma daga baya ƙauyuka suka yi ta tsirowa a bakin kogin zuwa Sinja da Rusairis. Mark Duffield ya wallafa nazari a kan tattalin arzikin garin a 1981, Farfesa Al-Amin Abu-Manga kuwa ya yi fice wajen nazarin Hausa da Fulatancin da ake yi a Sudan.

Madatsun Ruwa da Buɗewar Sana'ar Su

A shekarar 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe shirin noman auduga na Jazira a filin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Gonakin shirin, waɗanda ake kira hawasha, akasari 'yan ƙasa aka raba wa. Hausawa da sauran mutanen yamma suka zama ƙashin bayan aikin ƙwadago, musamman tsinkar auduga, suna zaune a unguwannin ma'aikata da ake kira kambo a gefen ƙauyuka. Doka ma ta ƙara musu nisa da mallakar ƙasa, domin dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta gindaya cewa sai wanda zaman zuriyarsa a Sudan ya koma har zuwa ƙarshen 1897, alhali ayarin Mai Wurno ya iso bayan wannan lokaci. Dokar 1994 ce ta mayar da ma'aunin zuwa farkon 1956.

Sai dai madatsar da ta shayar da auduga ta haifar da wani abin da ba shi aka gina ta dominsa ba, wato tafki mai faɗi a bayanta. A 1937 aka gama ta Jabal Auliya a kan Farin Nilu, a 1966 kuma ta Rusairis kusa da Damazin. Kowace ta tara ruwa mai kifi. Ƙasa tana da masu ita tun kaka da kakanni, amma sabon tafki bai da tsohon mai shi. Ga shi kuma a tsakiyar Sudan nama ya fi kifi daraja a akushi, su bai zama sana'ar da ake rububi ba. Baƙin kuwa sun fito daga ƙasar da su yake da tsari da sarauta, ƙasar Sarkawan Kabi da Yawuri da Sarkin Ruwa, wasu kuma sun ratsa ta Tafkin Cadi sun ƙara gogewa. Da haka Hausawa suka shiga sahun manyan masuntan waɗannan tafkuna.

Kifaye da Sunayensu

Abin da ya sauƙaƙa wa baƙin sana'ar shi ne sun tarar da kifayen da suka sani, domin Nilu da Tafkin Cadi da Kwara sun yi tarayya a kifaye masu yawa. Masunci ya riƙe sunan Hausa a cikin kwalekwale, ya koyi na Larabcin Sudan don kasuwa. Giwan ruwa shi ne ijil, karfasa ita ce bulɗi, tarwaɗa garmut, ragon ruwa bayad, ƙurungu gargur, tsage kuwa kas. Akwai kuma kawara, wadda sunanta ya zo kusan ɗaya a harsunan biyu. Ga ɗalibin Hausa wannan fage ne mai kyau na nazarin cuɗanyar harsuna, domin ana ganin yadda kalmomin aiki suke daɗewa a bakin masu sana'a, na ciniki kuwa su riga su sauyawa.

Kayan aikin ma sanannu ne: birgi da ake jefawa a ruwa maras zurfi, kalli da ake shimfiɗawa a kwana, da mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi. Kowane kifi da mazauninsa. Karfasa ta fi son gefe inda akwai ciyayi, shi ya sa take da yawa kuma take da araha. Babban giwan ruwa, wanda kan haura kilo 100, yana fakewa a gurbi mai zurfi, sai wanda ya san kwanciyar tsohon kogin da tafki ya rufe yake iya cim masa. Irin wannan sani ɗa yake gada a wurin ubansa cikin kwalekwale.

Zurfi, Zafi da Nisa

Kamun kifi rabin aiki ne. A zafin Sudan ɗanyen kifi ba ya jure sa'o'i masu yawa, manyan masu saye kuwa suna Wad Madani da Khartum da kasuwar Mawrada ta Omdurman. Daga Sinnar zuwa Khartum kusan kilomita 300 ne, daga Damazin kuwa tafiyar ta kai wajen 500. Saboda haka tun da daɗewa ake sarrafa kifi don ya jure hanya. Ana shanya shi ya bushe a kira shi kajik, ko a jiƙa kas da kawara da gishiri su zama fasikh, Hausawa kuma sun zo da gwanintar banda. Busasshen kifi ya daɗe yana zama mahaɗin miyar ma'aikatan gona a Jazira da Gadarif.

Da hanyoyin mota da ƙanƙara suka samu, sai ɗanyen kifi ya fi kawo kuɗi, amma ribar ta karkata ga mai mota da ƙanƙara. Masuncin da ya fito da kifi da hantsi ba shi da damar jan ciniki, domin rana tana cin hajarsa yana kallo. Sau da yawa kuma ɗan kasuwar ne ya ba shi bashin taru, bisa sharaɗin shi zai sayar wa. Wannan ya yi kama da tsarin shel da aka sani a noman Sudan, inda manomi yake cin bashi a kan amfanin da bai girbe ba. Abubuwa uku ke nan suke yanka wa kifi farashi: zurfin da aka ciro shi, lokacin da zai iya jurewa, da nisan da zai yi. Na farko ne kaɗai yake hannun masunci.

Kifin Kallo da Kuɗin Zurfin Teku

Akwai kifin Nilu da masunci ba ya murnar gani a taru, kamar talibamban mai kumbura ciki, alhali a shagunan Turai ana sayar da shi da rai don ado. Wannan ciniki ya haɗa har da kifayen ruwan gishiri, kuma Sudan tana da gaɓar da ta shahara da su, wato gaɓar da alhazai suke ƙetarawa daga Sawakin. A 1963 Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya kafa gidan gwaji a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi, arewa da Port Sudan, inda mutanensa suka yi wata guda a zurfin mita 10. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya Sanganeb da Dungunab cikin wuraren gadon duniya saboda murjaninsu da halittun da ke cikinsa. Wasu kifayen Bahar Maliya ba a samun su sai a wannan yanki, kuma an daɗe ana fitar da su daga biranen gaɓar irin su Jidda.

Mafi tsada su ne na zurfin mita 60 zuwa 150, inda hasken rana yake dusashewa. Dalilin tsadar yana cikin nauyin ruwa. Kowane mita 10 yana ƙara matsi kwatankwacin na iskar da ke bisa doron ƙasa, don haka a mita 100 matsin ya ninka sau 11. Mai nutso a nan sai ya shaƙi iskar da aka gauraya da heliyam, da na'urar da ke tace numfashinsa ta mayar masa. Mintoci kaɗan yake yi a ƙasa, sannan ya shafe sa'o'i yana hawa daki-daki, domin gaggawa tana jawo shanyewar jiki ko mutuwa. Shi ma kifin yana da jakar iska a cikinsa wadda take daidaita masa iyo. In aka ɗago shi da sauri iskar za ta kumbura ta lalata masa ciki. Shi ya sa ake huda jakar da siririyar allura, ko a rataye kifin cikin mazubi a riƙa ɗago shi sannu a hankali. A 2018 masana na Cibiyar Kimiyya ta Kaliforniya suka bayyana wani ƙaramin akwati da ake rufe kifin a ciki tun a zurfi, a riƙa rage matsin cikin kwana biyu zuwa uku. Bayan haka ga kuɗin jirgin sama, ga sanyaya ruwa, ga asarar waɗanda suke mutuwa a hanya.

Zurfi da lokaci da nisa ne suka sake bayyana a nan. Bambancin shi ne masu nutson irin wannan zurfi 'yan ƙalilan ne, kuma su ne da kayan aikinsu, don haka suna da baki a ciniki. Amma akasarin kifin adon teku na duniya daga Filifin da Indunusiya yake fitowa, inda talakan mai nutso yake karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kan kifin da za a ninka kuɗinsa sau da yawa a Amurka. Matsayinsa da na masuncin Rusairis ɗaya ne. Jakar iskar nan ma ta haɗa su ta wata fuskar, domin ta giwan ruwa, in an busar da ita, tana da babbar kasuwa a ƙasar Sin, har a Tafkin Biktoriya kuɗinta ya zarce na tsokar kifin nesa ba kusa ba.

Halin da Ake Ciki

Ruwan da ya karɓi baƙi bai raba su da matsalar tudu ba, domin masunci ma sai ya sami gaɓar da zai ɗaure kwalekwale ya shanya taru. A 2013 aka kammala ƙara wa madatsar Rusairis tsawon mita 10, ruwa ya ci ƙauyuka da dama, aka sake wa mutanensu matsuguni. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu a kan ƙasa da neman sarautar gargajiya, ya sake tashi a watan Oktoba a yankin Wad al-Mahi. Ɗaruruwan mutane suka rasu, dubbai suka bar gidajensu. Yaƙin da ya tashi a Sudan a watan Afrilun 2023 ya isa Wad Madani a Disambar shekarar, ya isa Sinja a tsakiyar 2024, ya datse hanyoyin da kifi yake bi zuwa kasuwa. A can sama kuma Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta tun 2020, abin da ya sauya lokacin cikowa da janyewar kogin, alhali da wannan lissafi kifi yake haihuwa, da shi kuma masunci yake aiki.

Kammalawa

Tarihin masuntan Hausawa a Shuɗin Nilu ya nuna yadda al'ummar da ta rasa rabo a tudu ta nemi abinci a ruwa, ta riƙe sana'ar kusan shekara 100 da ilimin da ta zo da shi daga gida. Kwatancinsu da masu kamun kifin ado ya nuna cewa sanin zurfi kaɗai ba ya wadatar da mai shi, sai in ya haɗa da ikon adana kifin da kai shi ga mai saye. Ga masu nazarin Hausa akwai aiki a gaba: tattara sunayen kifaye da na kayan su da karin maganganun waɗannan ƙauyuka daga bakin dattawan da suka rage, tun da yaƙi ya warwatsa da yawa daga cikinsu, Larabci kuma yana ƙara rinjaye a bakin matasa.